Ƙaho a Bayan Mai Ƙarfe a Zuciya

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, mu uku a mota: ni, da ɗiyar ƙanena wadda likitar zuciya ce, da direba. Ni ba likita ba ne. Fatauci ya kai ni Jidda da Alƙahira da Indiya, na kuma yi shekaru ina sayen kaya a Gwanzu ta ƙasar Sin har harshensu ya ɗan kama bakina. Abin da ya sa ni cikin wannan tafiya shi ne ubanta ya ce ba za ta bi hanyar gabas ita kaɗai ba, ni kuwa na san dattawan garuruwan.

Bincike take yi a kan mutanen da aka yi wa tiyata aka sa musu ƙofar ƙarfe a zuciya, tana son ta san yadda suke ƙarewa bayan shekara biyu ko uku. A hanya ta warware mini asalin ciwon. Yaro ne zai yi ciwon maƙogwaro, a kai shi a cire masa beli, ba a yi masa allura ba. Jikinsa ya tashi yaƙar cutar, sai ya rikice ya koma yana cin ƙofar zuciyar kansa, a hankali, har ranar da zai girma ya kasa ɗaukar buhu saboda haki. In an sa masa ta ƙarfe, jini yakan so ya daskare a kanta, don haka sai ya riƙa shan maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwarsa, ana auna jinin a kai a kai. In ya yi kauri ya toshe hanya. In ya tsinke da yawa, ɗan yanka kaɗan ya isa ajali.

Mutum uku ne cikin takardarta suka daina zuwa awo: tela a Rabah, wata mata a Wurno, da manomin albasa a wani ƙauye kusa da Taloka ta Goronyo. Duk lokacin da ta buga waya gidajensu, amsa ɗaya ce: lafiya lau, da sauƙi, an gode. Haka ta rubuta. Amma zuciyarta ba ta kwanta ba.

Bazara ce, tun hantsi iska ke fitowa kamar daga bakin murhu. Hanyar Rabah na san ta tun ana tafiya a akori-kura, kuma a lokacin ta fi yanzu mutane. Shinge bayan shinge muke wucewa, wani na soja, wani na 'yan sa-kai. Mun tsaya sayen fura a bakin hanya, na ga curin ya koma kamar ƙwan zabo. Direba ya ce kuɗin ne dai ba su ƙaru ba, furar ce ke azumi.

A Rabah yayan telan ne ya tarbe mu. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo ruwa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta gajiya da ta zafi. Keken ɗinki na gefe an lulluɓe shi da zane. Sai da likita ta ce a kira mata mai jikin, sannan ya sunkuyar da kai ya ce ai ya rasu tun cikin damina. Lokacin da hanya ta ƙi biyuwa maganinsa ya ƙare. Wata safiya ya faɗi a kan keken, gefe guda ya mutu, kwana uku Allah Ya karɓi abinsa.

Likita ta tuna wa yayan cewa sau huɗu ta kira bayan damina, kuma shi ne ke ɗauka.

Ya ce, "Likita, ke kin yi ƙoƙarinki. Mi za ni ce miki ga waya? Ba a gaya ma mutum aikinshi ya lalace ba a ga idonshi ba."

Na zauna da Misirawa, in ka tambayi mara lafiyarsu jiki sai ya ƙirga maka tun daga ƙeya har tafin ƙafa. A Indiya na ga dangi suna ja da likita da takardu a hannu. Mu kuwa an raine mu a kan cewa ƙorafin ciwo raki ne, kuma kai wa wanda ya yi maka alheri mummunan labari rashin kunya ne. Ban taɓa ganin aibin wannan tarbiyya ba sai ran nan. Muka yi wa mamacin addu'a muka fito. A mota ta ja layi a kan abin da ta rubuta, ta ce mini, "Baffa, gidan Goronyo ma haka suke amsa mini, kalma da kalma."

Daga nan manomin albasar nan ya zama shi ne tafiyar.

Wurno kan hanya take, don haka muka tsaya. Fadamar shinkafa na nan kore shar kamar yadda na san ta, garin kuwa warin tafarnuwa ya cika shi, don lokacin kakarta ne. Matar mun same ta da ranta, har da ƙiba. Likita ta huda mata yatsa da 'yar na'urar awon da ta zo da ita, ta ga jinin ya tsinke fiye da yadda ake so. Ta tambaye ta ko tana shan maganin gargajiya, ta ce ko kusa. Aka ce mijin ya fito da duk abin da take sha. Ya kawo leda zaure ya zazzage, sai ga wani jan kwali cikin magungunan asibiti.

Matar ta ce daga bayan ƙofa, "Wanga ai ba na gargajiya ba na. Na kwali na, da rubutu gare shi."

Rubutun na Sinawa ne. Karatuna a harshen bai wuce na rasit da sunayen tituna ba, amma waɗannan haruffa biyu na san su. Wata jar saiwa ce da suke kira danshen, tsofaffinsu na shan ta don jini ya gudana. Na faɗa wa likita, na ga fuskarta ta canja. Ta ce saiwar nan ƙara wa maganin tsinka jini ƙarfi take yi. Na tuna wani asibiti a Gwanzu da na taɓa kai abokin fataucina. Tsohon mai maganin da ke jin bugun jini da yatsu uku bai ba shi ko ganye ɗaya ba sai da ya ga kowace ƙwaya ta Bature da yake sha, ya rubuta nasa a katin da likitan tiyata zai karanta. Kwalin ya iso Wurno, katin bai biyo shi ba.

Matar ta ce kwana shida ke nan da ta fara. Wanda ya aiko mata kuwa manomin Goronyo ne, don lokaci ɗaya aka yi musu aiki, iyalansu suka saba a barandar asibiti. Ya ce mata shi wata biyu ke nan yana sha, wai yana wanke zuciya.

Ba mu ƙara zama ba, masar da aka kawo mana ma a mota muka ci ta.

Daga Wurno zuwa Goronyo ba nisa, amma ran nan ta yi mini tsawo. Gefen hanya duk rudu ne, wato 'yan rumbunan kara da ake adana albasa, wasu cike, wasu an fara ginawa an bari. A bakin garin na ga mata da tsofaffi zaune ƙarƙashin itatuwan bedi da ƙullin kayansu, mutanen ƙauyukan da aka tasa. Masu kifin madatsar ruwa suna ɗaga mana tarwaɗa, ba wanda ya kalle su. Muka wuce Taloka, muka sauka daga kwalta, muka isa ƙauyen an gama azahar.

Tun daga ƙofar gida na san ba lafiya. Maza zaune jingim, ba mai hira. A zaure muka same shi kwance rub da ciki, mutum ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, bayansa an rufe da zane, zanen ya jiƙe ya yi baƙi. Wani tsoho na zaune wajen kansa da zabira a gefe. Wanzamin gidan ne, shi ya yi wa mai jikin kaciya, shi ya yi wa 'ya'yansa askin suna.

A gidan al'ada ce, duk shekara in an gama cire albasa sai a kira wanzami ya yi wa maza ƙaho, a fitar da mataccen jinin da rana da sunkuyo suka tara. Shekara biyu yana kaucewa da uzurin ɗinkin ƙirjinsa. Bana ya ji ƙarfi, uba ya kwanta an yi masa, yayye sun kwanta, sai shi ma ya tuɓe riga. A asibiti an gargaɗe shi kada ya yanke, amma a wurinsa ƙaho ba yanka ba ne, magani ne. Jiya da safe aka yi. Na sauran ya bushe kafin azahar. Nasa tsaga huɗu ne, suna ta tsattsafowa dare da rana, kuma tun asuba dasashinsa ma ya fara.

Tsohon ya gaya mini cewa da ya kafa ƙahon farko ya sa baki zai zuƙa, sai ya ji wani abu na bugawa ta cikin ƙahon, ƙyas, ƙyas, kamar agogo. Ya ɗaga kai ya tambaya, aka ce masa aikin asibiti ne, ya warke tuni. Maganin tsinka jini ba wanda ya taɓa ambata masa. Ya gwada duk garin maganin da ya gada, bai runtsa ba.

Likita ta huda yatsa, na'urar ta ƙi nuna lamba, abin ya wuce iyakarta. Ta danne tsagogin da auduga, ta ba shi abin da ta zo da shi, ta ce sai Sakkwato, yanzu. Uban ya dubi rana. La'asar ta kusa, kuma kowa ya san ba a bin hanyar nan da yamma. Ya ce a bari sai safiya, ai da sauƙi. Na buɗe baki zan yi magana, wanzamin ya riga ni.

"Alhaji, shekara arba'in ina aska ga gidanga, jini bai taɓa ƙin jin magana ta ba sai wanga. Ba shi kai safe. Ku ba ta shi."

Aka kwantar da kujerar mota aka sa mai jikin. Tsohon ya shiga tare da mu ba wanda ya ce masa ya shiga, ya ɗora tafinsa a kan audugar inda likita ta nuna masa, bai ɗaga ba har Sakkwato. A kowane shinge ni nake sauka in yi bayani. Ɗaya sojan ɗan kudu ne, na yi masa Turanci, ya leƙa ya ga zanen, ya ja ƙarfen shingen da kansa. Muka shiga gari ana kiran magariba.

An ƙara masa jini, zubar ta tsaya. Na koma gida ina cewa mun yi nasara. Sai a kwana na huɗu likita ta kira ni. Don a tsayar da zubar dole aka kashe ƙarfin maganin, kafin a sake daidaita shi kuwa gudan jini ya taso daga ƙofar ƙarfen ya hau kai. Yana da rai. Hannun dama ba ya ɗaguwa, magana kuma sai an kasa kunne. 'Ya'yansa huɗu, albasarsa na cikin rudu.

Abin da na koyo ba mai daɗi ba ne. An iya buɗe ƙirjin mutum a sa masa ƙarfe ya tashi, amma mutumin zai koma gidan da yake da wanzami, da mai tallan kwali a kasuwa, da hanyar da ke rufuwa, da kunyar da ba ta barinsa ya ce ba lafiya. Kowane cikinsu da niyyar alheri ya taɓa shi, kuma ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya yi. Likita ta ce daga yanzu ba za ta ƙara rubuta wa kowa lafiya ba sai ta gan shi da ido, ko da binciken zai ninka shekarunsa.

Wanzamin ya kwana biyar a barandar asibiti. Ranar da zai koma ya roƙi likita ta rubuta masa sunayen duk masu irin wannan aiki a ƙasar Goronyo, don kada askarsa ta sake taɓa su. Ta ba shi haƙuri, ta ce sirrin mara lafiya ba a bayar da shi. Ya saɓa zabirarsa, ya ce to shi zai san yadda zai yi: duk wanda ya tuɓe masa riga, sai ya fara kafa ƙaho ba tsaga, ya saurara. Ta gaya masa akwai masu shan maganin da ba za a ji komai a bayansu ba.

Ya ce, "Na sani, ɗiyata. Amma kunnen shi kaɗai gare ni."

Na raka shi tasha, na ga ya shiga motar Goronyo.