Jan Lalle a Hannun Mai Ƙuli-ƙuli

Ko da zan tsufa har in riƙa manta inda na ajiye carbina, ba zan manta ranar da aka gyara min farce a Dutsin-Ma ba. Ni sana'ata ƙuli-ƙuli ce, a Kurfi nake yinta tun ina goyon ɗiyata ta fari. Duk wanda ya san matsar gyaɗa da suya ya san abin da suke yi wa hannu. Tafina duk kanta, bayan hannuna tabon ƙuna iri-iri, faratana kuwa sun tsattsage kamar bakin tsohuwar tabarma. Ban taɓa damuwa ba, sai da ɗiyar nan tawa ta gama jami'a.

Ana saura kwana biyu bikin yaye su ta ce min, "Inna, gobe ki shirya mu je Dutsin-Ma, zan kai ki a gyara miki farce." Na ce to, amma wallahi maganar ta soke ni. A raina na ce, wato yarinyar nan kunyar hannuna take ji, so take a rufe shi kafin ƙawayenta su gani. Ni kuma Allah ya yi ni da zuciya, ban iya tambaya ba, sai dai in kumbura. Na ƙudura cewa ranar bikin hannuna ba zai fito daga hijabi ba, hoto kuwa ko za a yi me ba zan shiga ba.

Washegari ta kai ni wani shago na mata zalla, ta damƙa ni ga mai shagon, ta tafi karɓo rigar bikinsu. Mai shagon matashiya ce mai fara'a, ga baki kamar rediyo. Ta jiƙa min yatsu a ruwan ɗumi, ta yanke faratan, ta goge su, tana ta zuba, ni kuwa na ɗaure fuska tamau. Can ta jero kwalabe masu launi, ta jawo wata 'yar na'ura mai shuɗiyar fitila, ta ce ɗiyata ta ce a yi min wanda zai daɗe, wannan jan farcen kuma sai ya yi sati uku bai ko ɓantare ba. Har ta buɗe kwalba sai ta tsaya, ta rage murya ta ce, "Mama, ki gafarce ni, kina fashin sallah ne?"

Na ce, "Ke! Ni da na yi jika? Wace irin tambaya ce wannan?"

Ta ce ai abin rufe farce yake yi ruf, ruwan alwala ba ya ratsawa, shi ya sa take tambayar kowa kafin ta shafa. Na fizge hannuna kamar na taɓa garwashi. Na ce, "Sati uku ba alwala? A'uzubillahi! Ku yaran zamani za ku kashe mu. In wanda zai daɗe ake nema, ina lalle?" Ta ɗauko min wani na kwali da ake matsowa. Na shinshina na ture, na ce wannan ai kwana biyar ya koɗe. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta shiga ciki ta fito da garin lalle na gaske, wanda ta ce mahaifiyarta ta aiko mata daga Dabawa.

To nan fa aka zo fagena. Na sa ta tankaɗe shi da kyau, na matse lemon tsami, na kwaɓa da ruwan ɗumi, na ce a bar shi ya tsumu. Ita da shagonta ta koma 'yar kallo, tana cewa, "Mama, ashe ke malama ce!" Muka yi azahar, sannan ta ɗora min shi a kan kowane farce, ta ƙunshe yatsun da leda. Mutum in an ƙunshe masa yatsu ba inda za shi, dole hira ta ɓarke. Ta riƙa nuna tabon hannuna ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, ina ba ta labari. Wannan mai ne ya fantsamo min ranar da ɗiyata ta shiga firamare, wancan kasko ne ya goce ina sauri in kai mata abinci makarantar kwana.

Da na saki jiki sai na ce mata, "Ɗiyata, tunda kin iya zane, ki yi min fulawa a bayan hannun nan, ki rufe min tabon nan duka."

Ta ce, "A'a Mama, wannan kam an hana ni."

Na ce, "Wa ya hana ki?"

Ta ce, "Ɗiyarki. Tun makon jiya ta zo ta ce min farce kawai zan gyara, kada in kuskura in rufe ko tabo ɗaya. Ta ce so take a ɗauki hoton hannunki riƙe da takardar shaidarta, don hannun nan ne ya yi karatun, ita zama kawai ta yi a aji."

Jama'a, ban san lokacin da hawaye suka zubo ba, ga yatsu a ƙunshe ba halin sharewa. Mai shagon ce ta sa gefen gyalenta ta goge min fuska. Kunya ta kama ni, kwana guda cur ina zargin yarinya a kan abin da ko kusa ba ta nufa ba. Da la'asar aka kwance ledar, lalle ya kama jawur, na yi alwala ruwa ya bi ko'ina.

Ranar bikin kuwa ba wanda ya roƙe ni shiga hoto. Da aka kira sunan ɗiyata na miƙe na ɗaga hannun nan sama, na rangaɗa guɗar da sai da mutanen gaba suka waiwayo. Ta zo ta damƙa min takardar, na riƙe da hannu biyu, tabo da kanta duk a fili, ina jin babu macen da ta kai ni a wurin. Jan lallen ya yi watanni yana bin farce yana fita a hankali, ina suya ina kallonsa ina murmushi ni kaɗai.

Tun daga ranar na koyi in tambayi mutum kafin in kumbura a kansa. Hannuna kuma na daina ɓoye shi, ko a gaban wa. Hoton yana rataye a ɗakina, kuma duk baƙon da ya shigo, tabon nake fara nuna masa kafin takardar.