Hannun Lallen da ke Kan Sitiyari

Har yau akwai masu cewa yayana ne ya ci wasan motar nan na filin bayan Tukur-Tukur. Ba shi ba ne. Ni ce, kuma na gaji da jin ana ba shi.

Shekarun baya ne, ban daɗe da gama sakandare ba. Yayana yana cikin wata ƙungiyar masu son mota, sukan taru a fili su jera tsofaffin tayoyi, kowa ya zagaye su da gudu ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Ni kuwa tuƙi a lungunmu na Ƙofar Jatau na koya, a ɓoye, lungun da ko mai kura sai ya yi dabara kafin ya juya. Baba bai sani ba.

Ranar na matsa masa sai da ya tafi da ni. Ya shiga zagayen farko ya watsar da tayoyi, ya sake shiga ya ƙara watsarwa. Ni dai ba ni da haƙurin kallon ɓarna. Na ce, “Yaya, don Allah matsa, kana ba mu kunya.” Gilashin motar mai duhu ne, muka yi musanyar kujera ba wanda ya gani. Na taka totur, na ja birkin hannu a kwana, motar ta juya kamar an ɗaure ta da igiya. Ko taya ɗaya ban taɓa ba.

Da muka koma gida guruf ɗinsu ya cika da hotuna da bidiyo, kowa na yi wa yayana kirari. Daɗi ya kwashe shi, ya tura bidiyon da ya ɗauka daga cikin motar. Bai lura ba ashe hannuna ya fito a kan sitiyari, ga lallen bikin 'yar kawunmu ya kama jawur.

Wani ya rubuta, “Alhaji, yaushe ka fara ƙunshi?” Wani ya ce, “A ba mu lambar mai lallen, mu ma mu gyara tuƙi.”

Dariyar ba ta daɗe ba. Bidiyon ya isa Kwarbai, wajen yarinyar da aka sa musu rana da shi. Ita ko makullin motar bai taɓa bari ta riƙe ba, ga shi wata mai lalle tana juya ta. Ta daina ɗaukar wayarsa, mahaifiyarta ta ce a zo a kwashe kayan sa rana.

Yayana ya ce in yi shiru, in Baba ya ji ni da mota har abada. Na ce, “To kai da aure fa?” Na duba hannuna, lallen ya fara dishewa. In ya goge, ba ni da sheda.

Na yafa mayafi na tafi Kwarbai. Ko gaisuwar kirki ban tsaya yi ba, Allah ya yafe mini. Na ce wa yarinyar ta kunna bidiyon, na ajiye hannuna kusa da wayar. Ta dubi zanen, ta dube ni. Ta ce, “Ke ce? Ke ɗin nan?” Mahaifiyarta ta riƙe haɓa tana salati. Kafin la'asar labari ya riga ni isa gida.

Baba ya kira ni zaure. Ya kalli bidiyon, ya mayar baya ya sake kallo. Ya ce, “Wa ya koya miki shiga kwana haka?”

Na ce, “Lungunmu, Baba.”

Ya ajiye wayar. Can ya ce, “Shi ya sa katangar Malam maƙwabcinmu ta huta da gogewa kwanan nan. Na ɗauka yayanki ne ya gyaru.” Washegari ya miƙo mini makulli, ni na kai shi asibiti ganin likitan ido.

An yi auren, matar yayana har yau “direba” take kirana. Abin da ke yi mini daɗi in na tuna shi ne, da hannuna na yi tuƙin, da hannun kuma na je na gyara abin da ya ɓata. 'Yan guruf dai wasu sun ƙi yarda, wai haɗa bidiyon aka yi.

Baba bai ce in koma filin ba, bai kuma ce kar in koma ba. Taro mai zuwa zan je da sabon lalle, in sauke gilashi ƙasa, kowa ya ɗauki hotonsa da kyau.