Merle, Kin Hana Ni Ceton Ki

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Merle Hanrahan a ƙaramin asibitin garinmu, inda ta yi shekara talatin da huɗu tana aikin jinya. Ni ce ma'aikaciyar jinyar da ke kanta.

Merle, ke kika karɓe ni ranar da na fara aiki. Ke kika koya mini danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, kina tsaye a kaina kina cewa, "Danna mana, Noelene, ba kwaɓin burodi kike yi ba!" Kin san sunan karen kowane mai kiwon tumaki a yankin nan. In aka kwantar da mai shi, ke ce mai tuƙa mota kilomita arba'in don ki kai wa karen abinci.

Da ciwon huhu ya ci ƙarfinki, kika rubuta wasiyyar jinyarki, likita ya sa hannu: in zuciya ta tsaya kada a danna ƙirji, kada a sa injin numfashi. Kika miƙo mini kina dariya. Ni ban yi dariya ba, ko karanta ta ban iya ƙarasawa ba.

Da numfashinki ya fara yankewa, ɗanki Darcy ya damƙi kafaɗata. "Noelene, don Allah yi wani abu! Uwata ce fa! Tsayawa za ki yi kina kallo?" Wallahi hannuwana sun riga ni isa ƙirjinki. Da ƙyar na janye su, na buɗe takardar don in nuna masa, sai na ga layin da kika ƙara a ƙasa da biro: "In Noelene ce a bakin aiki, a ba ta hannuna ta riƙe. Hannuwanta ba sa iya zama haka nan." Na riƙe har ya yi sanyi.

Darcy bai ƙara yi mini magana ba, ko a wurin jana'iza. Ban ga laifinsa ba. Amma kaɗaici ya ishe ni, Merle, don mutum ɗaya tak da za ta ce mini na yi daidai ita ce ta tafi.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa kin huta. Allah ya ba Darcy da ƙanwarsa Bronwyn haƙurin rashinki. In da saura, ni ma ya ba ni.