Kaset Na Shida

Har yau idan na buɗe akwatin da aka zuba wa kafur, ba tufafi nake tunawa ba, Turawa nake tunawa. Turawa masu dogayen kwat da huluna, suna tafiya cikin yayyafi, suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu gudun kada su tada jariri. Dalili kuwa, a cikin wani akwatin ƙarfe mai warin kafur kakana yake adana kaset-kaset ɗinsa na bidiyo, ƙarƙashin gado, a gidanmu na Samaru.

Baba Tsoho muke ce masa. Ya daɗe yana aikin kuku a gidan wani Bature malamin jami'a. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar masa butar shayi, da baƙar laima, da bidiyo, da tarin wasannin kwaikwayon da ƙanwarsa ta riƙa ɗaukar masa daga talabijin ɗin Ingila tana aiko masa. Lokacin da na yi wayo, farkon shekarun dubu biyu, maƙwabtanmu duk sun koma faifai, suna kallon fina-finan Indiya da na Legas. Mu kuwa a ɗakin Baba Tsoho har lokacin muna Ingila.

Lahadi ce ranar kallo. In an taso daga sujada an ci shinkafa, sai kowa ya riƙa satar kallon ƙwan fitila, ko za a bar mana wuta. Kaset ɗaya tal ake sawa, ko da wa zai yi kuka. Ni da ƙannena a tabarma, mahaifiyata a bakin ƙofa tana tsinar wake, Kaka kuma a kujerarta gab da talabijin, domin yanar ido ta fara rufe mata gani, inuwar mutane kawai take gani. Baba Tsoho yana gefe da kofin shayinsa yana fassara. Ba ya sauri. Wani lokaci Bature zai yi dogon jawabi, sai ya ce, “Ya ce ba zai je ba.” Wani lokaci kuma Baturiya ta ɗaga gira kawai, shi kuwa ya yi mana bayanin da zai kai mu har tallar da ƙanwar Baturen ta manta ba ta yanke ba.

Akwai wani ɗan wasa, dogo mai gashin baki, da yake fitowa a wasanni da yawa cikin akwatin nan. Kaka ba ta ganin fuskarsa, amma ko tari ya yi ta gane shi. Farkon haɗuwarsu, mugun mai gidan haya ya fito, ya kori marayu cikin sanyi, kuma ba ta yafe masa ba. Da ya dawo a wani wasan sanye da rigar limamin coci, sai ta ja tsaki ta ce, “Yanzu wannan aka ba wa ikilisiya? Su ƙirga kujerunsu.” Baba Tsoho ya yi ta bayani cewa sana'a ce, mutumin ba mugu ba ne. Shi yana ganin girmansa ƙwarai. Yakan ce mana mu lura da yadda yake yin shiru, wai ɗan wasan kirki a shirunsa ake gane shi.

A daminar da na shiga shekara goma sha ɗaya muka fara wani dogon wasa mai kaset shida. Mai gashin bakin nan ne ya fito a matsayin tsohon mai kula da tashar jirgin ƙasa a wani ƙaramin gari bakin teku. Kullum da safe sai ya je sayen burodi wurin wata mata da mijinta ya rasu, ya tsaya yana juya hularsa, ya yi zancen ruwan sama, ya tafi. A kaset na biyu Kaka tana cewa a yi hankali da shi. A na huɗu ta fara ce masa bawan Allah. A ƙarshen na biyar, matar ta sayar da shagonta za ta koma wurin ɗanta a birni, shi kuwa har lokacin bai buɗe baki ba. Kaka ta buga cinya ta ce, “Kai, wannan mutum zai kashe ni! Ka yi magana mana!”

A makon nan ne aka sa ranar yi mata aikin ido a Kaduna, ranar Talatar makon gaba. Ta ji labarai iri-iri a zumuntar mata, har da na wadda aka ce ta je da ɗan ganinta ta dawo babu. Ba ta nuna tsoro a gabanmu, amma na ji ta tana gaya wa mahaifiyata a kicin, “Bari dai in ga ƙarshen mutanen nan ranar Lahadi. Bayan nan, abin da Ubangiji ya yi daidai ne.”

Ni ce na kasa haƙuri. Ranar Juma'a, muna hutun makaranta, Baba Tsoho ya tafi gonarsa ta masara, Kaka da mahaifiyata sun tafi gaisuwa. Na jawo akwatin, na sa kaset na shida, na tura shi can kusa da ƙarshe don in ga ko ya yi maganar. Wuta ta yi ƙasa, ta dawo da ƙarfi, bidiyon ya yi wani irin gurnani. Maimakon in bari, sai na fizgo kaset ɗin. Zaren ya biyo shi kamar hanjin kaza, a tattaune, a tsinke.

Da Baba Tsoho ya dawo, a bakin rijiya na same shi yana wanke ƙafa. Na miƙa masa kaset ɗin ina kuka, na faɗi gaskiya. Ya daɗe yana duban zaren. Na so ya dake ni, da ya fi min sauƙi. Sai kawai ya ce, “Gobe ki sa takalmin kirki, za mu Sabon Gari. Kada ki gaya wa kakarki tukuna.”

Muka hau bas da safe, muka wuce Hanwa da Kwangila, kaset ɗin yana cikin leda a ƙirjina. Shago uku muka shiga, duk suka yi mana dariya, wai wa yake gyaran kaset yanzu, mu sayi faifai mana. A na huɗu, cikin wani lungu mai ƙamshin gasasshiyar masara da hayaƙin janareta, muka sami wani dattijo Ibo mai gyaran rediyo, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya yi wa maƙwabcinsa tsawa da Turancin buroka ya rage kiɗa, sannan ya kwance kaset ɗin. Ya sa reza ya yanke inda ya tattaune, ya haɗa bakin biyu da ɗan siririn salatif, yana riƙe da numfashi.

“Baba, zai yi,” in ji shi. “Amma abin da na yanke ya tafi ke nan. Zai kai minti huɗu.”

Lahadi ta zo da ruwa tun muna coci, amma aka bar mana wuta. Kaka ta sa an dafa gyaɗa. Wasa ya yi ta tafiya lafiya, har matar ta iso tasha da akwatinta, jirgi yana huci. Mai gashin baki ya nufo ta, ya cire hula, ya buɗe baki. Sai hoton ya yi tsalle. Kafin mu ƙifta ido, ga su biyu a cikin shagon burodi, ya ɗaura ƙyallen aiki a ƙugu, garin fulawa ya ɓata masa gashin baki, suna dariya.

“Me ya faru?” in ji Kaka. “Me ya ce mata? Maigida, ina maganar?”

Na buɗe baki zan faɗi laifina, Baba Tsoho ya ɗaga min hannu. Ya dakatar da kaset ɗin. Ya miƙe a hankali saboda gwiwarsa, ya cire hularsa, ya zo ya tsaya tsakanin Kaka da talabijin. Ya yi shiru, yana juya hular, har ƙanena ya fara ƙunshe dariya.

“Cewa ya yi,” in ji Baba Tsoho, “shekara da shekaru ina zuwa ƙofarki, ni kuwa ba burodin ne ya dame ni ba. Ban iya magana ba, kin sani. Amma in kika shiga jirgin nan, ban san wa zan gaya wa hadari ya haɗo ba.” Ya ɗan tsaya. Muryarsa ta sauya. “Ya ce kada ki ji tsoro. Ko kina gani ko ba kya gani, ni zan riƙe hannunki in kai ki, ni zan dawo da ke.”

Mahaifiyata ta daina ɓarar gyaɗa. Ba a jin komai sai ruwa a kan kwano.

“Baturen ne ya faɗi duk wannan,” in ji Kaka, “ko kai?”

“Fassara nake yi.”

“To ita me ta ce?”

“Wannan ke za ki faɗa.”

Kaka ta goge ido da bakin zani. “Ta ce ya je ya zauna kafin ya faɗi, tsoho da ciwon gwiwa.”

Dariyar da aka yi a ɗakin nan har maƙwabta sai da suka leƙo. Daga baya na gaya wa Kaka abin da na yi. Ta ja min kunne kaɗan, ta cika min hannu da gyaɗa.

Aikin ido ya yi kyau. Da aka cire mata bandeji ta dawo gida, abin da ta fara nema shi ne a sa mata kaset na farko. Ta zauna can nesa, a kujerar da ba ta taɓa iya kallo daga kanta ba. Da mai gashin baki ya fito, ta ƙura masa ido ta ce, “Ashe haka hancinsa yake? Muryar ta fi shi kyau.” Sannan ta juya ta dubi Baba Tsoho sama da ƙasa. “Kai ma ashe haka ka tsufa ba a gaya min ba?”

Baba Tsoho ya rasu ina jami'a. Yanzu ina da 'ya'yana, kowa da wayarsa da abin toshe kunne, kowa yana dariyarsa shi kaɗai. Ba mai jiran Lahadi, ba mai jiran wuta, fassara kuma a rubuce take fitowa a ƙasan hoto, daidai, ba ragi ba ƙari. Ba na cewa an yi asara duka, domin ta wayar nan ce bara na ci karo da wasan nan cikakke. Na gano ɗan wasan ya daɗe da mutuwa tun kafin mu san shi. Na nemi wurin da aka yanke. Ashe kusan bai ce komai ba. Ya tsaya ne yana dubanta, can ya ce akwai wani jirgin gobe, da jibi ma. Ita kuma ta ajiye akwatinta.

Kaka tana nan da ranta, tana zaune wurin mahaifiyata a Hanwa. Na kai mata wayar, na fassara mata kalma da kalma. Ta sa tabarau, ta kalla har sau biyu, ta miƙo min.

“Ya yi ƙoƙari,” in ji ta. “Amma bai kai kakanki ba.”