Turancin Matar da Take Zuwa Ranar Talata

'Yata ta kai shekara biyu da rabi ba ta fara magana ba. Tana ji, tana dariya, in tana son ruwa sai ta ja ni da zane har gaban firij, amma baki shiru. Likitan yara ya ce za a turo mana mai koya wa yara magana, duk Talata da hantsi, har afatmen ɗinmu da ke bayan manyan kantunan Wendover, a nan Amurka. Da maigidana ya ce matar 'yar Ingila ce, sai hankalina ya ɗan kwanta. Ni aji uku na yi a lakwal, makarantar bokonmu ta Tawa, shi ma da Faransanci, amma tun ina yarinya nake jin ana cewa Turancin gaske a Ingila yake.

Ta zo, dattijuwa ce gajera, da jakar kayan wasa. Ta ga takalma a bakin ƙofa, ta cire nata ba wanda ya ce mata. Sai ta buɗe baki. Maganarta tana hawa tana sauka kamar waƙar daka, tana haɗiye ƙarshen kalmomi. Ko kusa bai yi kama da Turancin masu karanta labarai ba.

Maƙwabciyarmu Ba'amurkiya ta ji ta a bakin mota, ta zo tana ce min mun yi sa'a, matar tana magana kamar 'yar gidan sarauta. Amma Anti ta saman bene, 'yar Kaduna da ta yi aikin jinya a Landan, ta saurare ta sau ɗaya ta taɓe baki. Ta ce wannan ai na can arewacinsu ne, na ƙauye, in yarinya ta ɗauka sai an yi mata dariya a makaranta. Maganar Anti ce ta zauna min. Na roƙi maigida ya kira ofishinsu a canza mana wata. Ya ce sai ranar Laraba da ba shi da aiki.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Kusan shekara guda na daina yi wa 'yata Hausa. A wajen wani suna na ji mata suna cewa yare biyu shi ke ɗaure harshen yaro a ƙasar nan. Ga kuma dangin maigida na Kano, in mun yi waya na ce lahiya ko tahi, sai su maimaita suna dariya. Wasa suke, na sani, amma ba na so a yi wa 'yata. Sai na koma yi mata ɗan Turancin da na tsinta, in ya ƙare na yi shiru na kunna mata talabijin. Har wanka a shiru nake yi mata.

Talatar da ta rage, suna zaune a ƙasa suna jera kofuna, innata ta kira daga gida. Na manta da baƙuwa, na saki baki muka yi ta gaisuwa irin tamu. Da na ajiye waya sai na ga matar ba ni take kallo ba, yarinyar take kallo. Ita kuwa ta saki kofin, ta zuba wa bakina ido.

Matar ta tambaye ni a hankali, da hannu da baki, me ya sa ba na yi wa yarinyar wannan yaren. Na harhaɗa abin da na iya, na ce nawa na ƙauye ne, dariya ake yi.

Ta yi dariya har ta share ido, ta nuna bakinta. Ta buɗe taswira a wayarta, ta nuna min wani gari a bakin teku, can sama nesa da Landan. Ta ce babanta jiragen ruwa yake ƙerawa. Da ta je karatu Landan, in ta yi magana sai a kwaikwaye ta, har ta riƙa tsayawa gaban madubi tana gyara bakinta. Da ta dawo hutu da sabon Turancinta, sai mahaifiyarta ta kawo mata shayi a kofin da ake ba baƙi.

Wannan na gane shi duka, ko kalma ɗaya ban rasa ba.

"Ni awa ɗaya nake zuwa a sati," in ji ta. "Ke ce kike nan kullum. Ki ba ta wanda kike da shi da yawa."

Da maigida ya dawo na ce kar ya kira kowa. Washegari wajen wanka na fara. Da fari kunya nake ji, kamar mai magana ita kaɗai. Na ce mata ga ruwa, ga soso, kawo ƙafa, ɗaga wuya, na yi mata kirarin da innata take yi min.

Ba nan da nan abin ya zo ba. Sai da ganyen bishiyoyin bakin titi ya zube, ya sake fitowa. Wata Talata matar ta saka takalmanta ta fita, yarinyar ta tsaya a taga har motar ta ɓace, ta juyo ta dube ni.

"Inna, ta tahi."

Tahi ta ce, irin ta Tawa. Na zauna a ƙasa inda nake tsaye, na ce e, ta tahi, amma za ta dawo.

Yanzu surutu har sai na roƙe ta ta huta. Kakarta ta Kano tana kiranta 'yar Adar, wato yankinmu na Tawa, tana dariya, ita ma tana taya ta. Malamarsu ta makaranta ta tambaye ni inda ta samo wasu kalmomin Turancin da take lanƙwasawa daban da sauran yara. Na san inda ta samo su, kuma ban gyara mata ba.