Turaka a Fadamar Kaka

Wata Alhamis ce a ƙarshen sanyi, da hantsi, a shekarun da nake firamare. Mu uku ne a motar: mahaifina yana tuƙi, kakana na wajen uwa a gefensa, ni a baya da fulas ɗin shayi tsakanin ƙafafuna. Mun baro gidanmu a unguwar Bani Harisa da ke Madina mun nufi bakin teku ta wajen Yanbu. Har yau in na ji warin laka mai gishiri, wannan tafiyar nake tunawa.

Kaka mutumin Tafkin Chadi ne. Masunci ne kafin ya zo hajji ya zauna, ya buɗe rumfar carbi da dabino a Uhudu. In lokacin wucewar tsuntsaye ya yi, yakan bi motar masu kifi zuwa wata fadama da ruwan teku ke shiga yana fita, inda itatuwan da Larabawa ke kira shura ke tsaye cikin laka. Ya sha tafiya da ni. Ba ya kama komai. Zama yake yi yana kallon zalɓe da agwagin ruwa suna yada zango, yana cewa wasunsu daga tafkinsu suka taso.

Mahaifina injiniya ne, ɗan Kano, wanda bai taɓa kula tsuntsu ba sai a faranti. Shi ya sa da ya ce shi zai kai mu wannan karon, Kaka ya daɗe yana jan carbi kafin ya amsa. A lokacin direban motar kifi ya riga ya kawo labarin cewa wani kamfani zai cike wata fadama da yashi, ya gina gidaje da filin golf. Direban bai san wacce ba.

Da muka isa, mahaifina ya fara tambaya cikin ladabi. “Baba, in teku ya cika, ina ruwan ke tsayawa? Ta ina ƙasar ta fi tauri?” Kaka ya nuna masa da sanda. Muna cikin tafiya muka tarar da turaka masu jan ƙyalle, an kafa su a jere har cikin shurar. Mahaifina ya tsallake ɗaya bai ko dube shi ba. Mutumin da ya yini yana tambaya, bai tambayi wannan ba. Kaka ya lura.

Ku tuna surukai ne. Kaka ba zai dubi mijin ’yarsa ya tuhume shi ba. Amma ni jikarsa ce, kuma tsakaninmu akwai wasa.

“Amarya, zo nan,” ya ce da ni. “Ke da kike zuwa madarasa, mene ne golf?”

Na ce da Larabci, “Ma adri,” wato ban sani ba.

“Da Hausa ake amsa wa miji. An ce attajirai ne ke bin ƙwai da sanda a kan ciyawa. To tambayar mini babanki, wa ya nuna musu hanyar wurin nan?”

Mahaifina yana tsaye kusa da mu, ya ji komai. Duk da haka na maimaita.

Ya yi dariya. “Ki ce wa angonki ni gada nake ginawa, ba ciyawa ba.”

Kaka ya ce, “Ki ce masa na ji. Ki ce masa kuma ɗazu tsufa ne ya ruɗe ni. Ruwan nan har bakin titi yake kaiwa. Babu busasshen wuri ko na shimfiɗa darduma.”

Na san ba haka ba ne, don a kan wani tudu da ke wurin muke sallar azahar duk zuwanmu. Na dubi Kaka, ya dube ni. Na isar da saƙon yadda aka ba ni. Shayin a fulas ya dawo Madina, ba a sha ba.

Bayan na girma na tambayi mahaifina. Ya ce kamfaninsu ya taɓa duba wurin, amma ba su suka yi aikin ba. Bai ce mini ko kafin wannan Alhamis ɗin ne ko bayanta ba, ni ma ban matsa ba. Yanzu ’ya’yana suna tambayarsa duk abin da ya zo bakinsu, da Larabci, ba ɗan aike. Ban tabbata sun fi mu samun amsa ba.

Da sanyi ya zagayo bayan wannan tafiyar, an katange hanyar da waya. An cike rabin fadamar da yashi, aikin ya tsaya, ba a shuka ciyawar ba. Kaka bai sake shiga motar mahaifina ba. Ko a ciwon ajalinsa, tasi ya sa aka kira masa zuwa asibiti.