Jarumar da Ba Ta Shiga Ruwa

A bakin injin casar shinkafa a Kura, Lahadi tana jiran layi ya zo kanta, sai idonta ya tsaya kan wani mutum da ba ta sani ba. Yana zaune kan buhunsa, laka ta bushe masa har gwiwa, gemunsa ya soma furfura. Gilashin wayarsa duk ya tsattsage, amma riƙon jinjiri yake mata.

Wasa yake yi, irin na takubba da dodanni. Jarumarsa 'yar ƙarama ce mai jan mayafi, ga sunanta rubuce a samanta: Ni'ima. Duk sanda ta iso bakin kogi sai ya juya da ita, ya bi doguwar hanya ta cikin ƙaya, dodanni suna ta kai mata sara.

Nicholas mai injin ya leƙo ta kafaɗarsa. "Baba, iyo za ka yi da ita. In ba ta haye ba, wasan ba ya ƙarewa."

"Na sani," in ji mutumin, bai ko ɗago ba. "Ni na sa dokar. Ba ta shiga ruwa."

Sai a lokacin Lahadi ta lura kowa a layin yana fuskantar kanal, babbar hanyar ruwan noman rani da ke gefen injin, inda iska ke kaɗowa. Mutumin nan kaɗai ya ba ruwan baya. Nan ta gane Ni'ima sunan 'yarsa ne da ruwa ya ci. Ta buɗe baki za ta tambayi shekarun Ni'ima, sai ta haɗiye maganar. Ruwan yana ta wucewa a cike, shi kuwa, a cikin wasan, ya sake janye 'yarsa daga gaɓa.